Kwando 100, kasuwa uku: lissafin da ya kamata manoman rani su yi kafin su kira mota

Duk shekara daga ƙarshen Janairu zuwa Maris abu ɗaya ke maimaita kansa. Ko lambunka yana Kutawa ne, ko Makera, ko wani ƙauye na Kurfi, tumatir zai nuna maka a makon da ya nuna wa maƙwabcinka. Kowa ya tsinka ranar Talata da yamma, kowa ya nufi kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma. Kafin azahar farashin da aka buɗe da shi da safe ya karye, mai kaya kuma ba shi da bakin musu, don tumatir ba gero ba ne da za a ce a mayar rumbu a jira ya yi tsada. Sai a shiga Mayu da Yuni, lambu ya tashi, ka ji a rediyo ana cewa tumatir ya gagari matan aure a Legas da Abuja, kamar yadda aka yi a 2024 har Ministan Noma Abubakar Kyari ya fito ya ɗora laifin a kan tsutsar nan da manoma ke kira sharon.

An saba cewa matsalar ita ce babu kamfani, babu ɗakin sanyi, babu hanya mai kyau. Duk gaskiya ne. Amma akwai wata asara da ba ta jiran gwamnati kafin a rage ta, ita ce asarar da muke yi wajen yanke shawarar inda kaya zai je, da yawan da zai je, da motar da za ta ɗauka. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Dizal da manyan motoci ke sha kuwa tun 2022 ya yi tashin gwauron zabi. A da idan ka tura mota rabin cika, ribarka ce ta ragu. Yanzu uwar kuɗin take taɓawa.

Wannan shawara ta ina za a kai, nawa za a kai, akwai wani reshe na ilmin lissafi da ba shi da aiki sai ita. Aikinsa shi ne a zuba masa duk zaɓin da ake da shi da duk abin da ya ɗaure mutum, kamar yawan kaya da girman mota da abin da kasuwa za ta iya shanyewa, ya fitar da rabon da ya fi kowane barin kuɗi a aljihu. Wani masani ɗan Rasha, Leonid Kantorovich, shi ya fara tsara shi a 1939 saboda wata masana'antar katako a Leningrad, ya kuma samu kyautar Nobel a kansa a 1975. A 1947 George Dantzig a Amurka ya fito da hanyar warware irin waɗannan tambayoyi, wadda har yau kwamfuta ke bi. Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, da irinsa take tsara inda za ta sayi abinci da hanyar da za ta bi da shi, har ta ci wata babbar lambar yabo a wannan fanni a 2021. Kada ma wani ya ce lissafi mai zurfi baƙo ne a ƙasar nan. Malam Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsine ne, ya rubuta littafi a kan jeren lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

To, bari mu sauko lambu.

Misali da ƙungiya mai kwando 100

Lambobin da zan kawo na misali ne, ba farashin wata rana ba ne. Kowa ya sa nasa a madadinsu.

A ce ƙungiyar gama kai ta tara kwando 100 a rana ɗaya. Kasuwa uku ke gabanta. A Dutsin-Ma ana sayen kwando naira 10,000, kuɗin kai shi da dako da la'ada 500, ba abin da zai lalace, saura 9,500. A Katsina, tafiyar kimanin kilomita 60 ta Kurfi, kwando 13,000 ne, amma kashi 5 cikin 100 zai murƙushe a hanya, wato darajarsa ta koma 12,350, a cire 1,800 na mota da 'yan dako da dillali, saura 10,550. A kasuwar 'Yankaba ta Kano kwando 15,000 ne, kashi 10 cikin 100 zai lalace, ya koma 13,500. Shatar kanta mai ɗaukar kwando 60 da duk sauran kashe-kashe naira 180,000, wato 3,000 kowane kwando idan ta cika, saura 10,500.

Kun ga abu na farko. Kano da ake ta kira a waya ana cewa "a can kuɗi yake", idan an gama cire-cire ba ta ma kai Katsina ba. Farashin da aka faɗa maka a waya ba shi ne kuɗinka ba.

Abu na biyu shi ne kasuwa tana da ciki, kuma cikin yana cika. A ce masu saye a Dutsin-Ma kwando 30 kawai za su ɗauka a kan 10,000, abin da ya haura sai a kan 7,000. Dillalinku na Katsina kuma 40 zai iya fitarwa a kan 13,000, sauran sai 10,000. Kano babba ce, kwando 100 ba zai girgiza ta ba.

Idan aka juye duka 100 a gida, 30 za su kawo 285,000, sauran 70 a kan 6,500 su kawo 455,000, jimla 740,000. Na ma sassauta, don a zahiri idan kaya ya cika kasuwa har na farkon ma farashinsu faɗuwa yake. Idan aka kwashe duka zuwa Katsina, 884,000. Idan aka ce duka Kano, sai an yi shatar mota biyu, ta biyun ba ta cika ba, a tashi da 990,000. Idan kuwa aka kai 40 Katsina, aka cika kanta ɗaya da 60 zuwa Kano, za a samu 422,000 da 630,000, wato naira 1,052,000. Tsakanin wannan da juyewa a gida akwai 312,000, a tsinka ɗaya, ba tare da an ƙara taki ko awo ɗaya ba.

Wani zai ce ai wannan ba sai da kwamfuta ba, a fara cika kasuwar da ta fi riba, sannan a wuce ta biyu. To ga inda tarkon yake. A ce makon da ya biyo baya kwando 70 aka samu. Idan aka bi wannan ƙa'ida, 40 Katsina, 30 Kano. Amma mai kanta 180,000 ɗinsa zai karɓa ko motar ta cika ko ba ta cika ba, kowane kwando ya koma 6,000 kuɗin mota. Jimla 647,000. Da an cika kantar da 60 an aika 10 kawai Katsina, 735,500 za a samu. Da ma an bar Kano gaba ɗaya, an sayar da 30 a gida an kai 40 Katsina, 707,000 ne. Wato shawarar da ta yi kama da hankali ita ce ta fi kowacce asara, kuma amsar makon jiya ba ita ce ta makon yau ba. Wannan da kasuwa uku da mota ɗaya kenan. Ka ƙara da tattasai da attaruhu da albasa, ƙauye goma, mota huɗu, kwana bakwai, zaɓin zai kai dubbai, a nan ne kan mutum ke gazawa, kwamfuta ta yi cikin daƙiƙa.

Ni da za a tambaye ni a wannan mako na kwando 70, zan iya zaɓar 707,000 ɗin, in bar 735,500. Bambancin 28,500 ne kawai, shi ne kuɗin da ake biyana don in ɗauki kasadar doguwar tafiya ta Kankia da Bichi, da shingayen hanya, da yiwuwar motar ta lalace a bar tumatir cikin rana. Lissafi ba zai yanke maka wannan ba. Abin da zai yi maka shi ne ya faɗa maka nawa kasadar take, ka sani kafin ka shiga.

Tattara kaya daga ƙauyuka

Kafin a yi maganar Kano ma, akwai kuɗin da ke zubewa tsakanin lambu da bakin titi. Kowa da nasa babur, kowa da tasa a-kori-kura, mota ta je ƙauye ta dawo da kwando takwas. A 1964 wasu mutum biyu a Ingila, Clarke da Wright, suka fito da wata dabara mai sauƙi, kuma abin sha'awa ɗayansu ma'aikacin wata babbar ƙungiyar gama kai ne a Manchester. Ga yadda take. A ce ƙauye na farko kilomita 12 ne daga matattara, na biyu 15, tsakaninsu kuma 5. Idan mota ta je kowanne ta dawo, 24 da 30, kilomita 54. Idan ta je na farko ta ratsa na biyu ta dawo, 12 da 5 da 15, kilomita 32. An tsira da 22. Sai a yi wa kowane ƙauye biyu wannan lissafi, a fara haɗa waɗanda suka fi tsirar da tafiya, har motar ta cika. Da biro da takarda sakataren ƙungiya zai iya yin sa.

Sai dai kayan gwari suna da nasu sharaɗi. Ƙauyen da hanyarsa ta fi gargada a fara da shi motar tana wayam, kada a bi da ita tana ɗauke da kayan mutane. Tumatirin da ya nuna jajir a bar shi kasuwar kusa, mai ja-ja da saura shi ke jure doguwar hanya. Kuma awa ɗaya da rana tsaka a Maris ta fi awa uku da asuba ɓarna.

Ga kuma maganar kwando. Alƙaluman da aka saba ambato suna cewa kusan kashi 40 cikin 100 na tumatirin Najeriya, wasu ma su ce fiye, ba ya kaiwa tukunya. Kaso mai yawa a cikin kwandon kaba yake mutuwa, idan aka jera wani a kan wani na ƙasa ya zama miya tun kafin Jebba. Kiret na roba mai cin kilo 25, wanda shirin GEMS4 ya yi ta tallatawa a shekarun baya, yana rage wannan sosai don nauyin yana sauka a kan kiret ɗin ne, ba a kan tumatir ba. To me ya hana shi karɓuwa? Kwando idan an sayar an rabu da shi, kiret kuwa sai an dawo da shi, dawowarsa kuma kuɗi ne, wani ma ba ya dawowa. A misalinmu na Kano asarar kashi 10 naira 1,500 ce a kowane kwando. Idan kiret ya rage ta zuwa rabi, 750 ya tsirar. Idan hayarsa da dawo da shi sun fi haka, kwando ya fi. A kan hanyar Legas inda asarar ta ninka, amsar za ta juya.

Abin da kwamfuta ba ta sani ba

Akwai masu zuwa da waya da manhaja suna yi wa manoma alkawarin sun warware komai. A yi hattara. Lissafi kamar injin niƙa yake, abin da ka zuba shi zai fito. Idan farashin da aka ba shi na jiya ne, ko dillali ya ƙara gishiri don a kawo masa kaya, amsar da zai bayar ta banza ce. An riga an ga amfanin labari mai kyau a maƙwabta: binciken Jenny Aker a kasuwannin hatsi na Nijar, daga 2001 zuwa 2006, ya nuna shigowar wayar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Amma mu nan mun ga ɗaya gefen. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, Dutsin-Ma da Kurfi suna ciki, sai da aka yi watanni. Tsarin da ya rataya kacokan a kan intanet, a wannan lokaci da ya mutu murus.

Tsaro shi ne babban sharaɗin da ba a koyar da shi a littattafan Turai. Taswira za ta ce wannan hanya ta fi kusa, direba ya ce shi bayan la'asar ba ya bin ta. Maganar direba ita ce daidai, kuma dole a shigar da ita cikin lissafin a matsayin ƙa'ida: hanya kaza a rufe take daga ƙarfe kaza. Hakan na nufin tafiyar dare, wadda ita ta fi dacewa da tumatir saboda sanyi, ba kullum take samuwa ba a yankinmu, don haka kason lalacewa namu ya fi na wanda ke Kura ko Kadawa. A rubuta shi yadda yake.

Sannan kasuwa kan rufe ba zato. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, haɗaɗɗiyar ƙungiyar fataken abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na kusan mako ɗaya, daidai lokacin da tumatir ya cika lambu. Farashi ya tashi a Mile 12, ya faɗi warwas a Arewa. A farkon 2023 ƙarancin takardun naira ya sa mai saye yana so, ba kuɗi a hannu. A Agustan wannan shekarar aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulki, hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ta tsaya har Maris 2024. Kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa, wanda aka gina don ya sha tan 1,200 a rana, an buɗe shi a 2016, sharon ta cinye gonaki a shekarar, tun daga nan yana buɗewa yana rufewa. Duk wanda ya shuka don ƙofa ɗaya tak ya ɗanɗana. Shi ya sa ko da lissafi ya ce Katsina da Kano sun fi, ban ga hikimar ƙungiya ta yanke hulɗa da masu sayenta na Dutsin-Ma ba. Ranar da hanya ta rufe su za ku nema.

Ga dillali kuma. Da yawa cikinmu shi ya ba da kuɗin iri da taki da man injin ban ruwa tun Oktoba, bisa sharaɗin kaya nasa ne. Manomin da ke cikin wannan hali ba shi da kasuwa uku, ɗaya gare shi, komai abin da kwamfuta ta ce. Ba zagin dillali nake ba, shi ne ya tsaya a inda banki ya ƙi tsayawa. Amma ƙungiyar da ke son cin moriyar wannan lissafi sai ta fara da adashe ko asusun da zai sa aƙalla wani kaso na kayan mambobinta ya zama ba a ɗaure yake ba.

Kasuwa ta huɗu

A misalin can na bar wata kasuwa da iyayenmu suka sani tun da daɗewa, wato yanka tumatir a shanya a yi kauɗa. Ita ma a sa ta a lissafi kamar kowace. A auna kwando nawa ɗanye ke ba da buhu ɗaya busasshe, nawa aka biya masu yanka, nawa buhun ya kai da damina bara. Idan abin da ya rage a kowane kwando ya fi 6,500 ɗin nan da ake samu bayan kasuwar gida ta cika, to kwando na 31 bai kamata ya shiga kasuwa ba, shanya ya kamata ya tafi. A kan tabarma ko leda dai, ba a kan kwalta ba, don masu saye sun fara bambancewa.

Haka ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana, irin wanda kamfanin ColdHubs ya fara kafawa a kasuwanni tun 2015 ana biya kowane kiret kowace rana. Kafin ƙungiya ta ci bashi ko ta roƙi ɗan siyasa ya gina mata, ta tambayi kanta: idan na riƙe kwando 30 kwana uku har motar Kano ta cika, nawa na tsirar? A misalinmu kuɗin mota ya sauko daga 6,000 zuwa 3,000 a kowane kwando, 90,000 kenan. Idan kuɗin ɗakin bai kai haka ba, ya biya kansa. Idan kuwa a duk kasuwannin farashi a ƙasa yake har wata biyu, ɗakin sanyi na mako biyu ko uku ba zai cece ka ba. Maganin wannan tun wajen dashe yake, a raba mambobi kashi-kashi, tazarar mako biyu-biyu, a cakuɗa da albasa da barkono masu jure ajiya.

Wannan magana za ta ƙara nauyi nan gaba. Madatsar ruwa ta Zobe, da aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, an gina ta ne da burin shayar da dubban hekta, ta shafe shekaru ba a ci rabin moriyarta ba. A Yulin 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da ɓangaren ruwan sha. Gwamna Dikko Radda kuma tun hawansa a 2023 noman rani ba ya fita daga bakinsa. Madalla. Amma duk hekta ɗaya da aka ƙara, kwanduna ne za su ƙaru a kasuwar Laraba ɗin nan da ta riga ta cika. Ana lissafin injin ban ruwa nawa aka raba, ban cika jin ana lissafin wace kasuwa za ta shanye abin da injinan za su fitar ba. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya, ba ta Dutsin-Ma ba, don haka ko ya fara aiki sai mun fara kai kaya Katsina tukuna, kuma sai mai iya tara kaya da yawa a rana ɗaya zai amfana.

Inda za a fara ba shi da tsada. Ƙungiya ta sayi littafi ɗaya ta ba mutum ɗaya amintacce. Duk ranar da aka fitar da kaya ya rubuta kwando nawa, wace kasuwa, farashin da aka faɗa a waya, farashin da aka sayar a zahiri, kuɗin mota, na dako, la'ada, abin da aka bayar a hanya, kwando nawa ya lalace, ƙarfe nawa aka tashi, ƙarfe nawa aka isa. A kowace kasuwa a samu mutum biyu da ba su san juna ba suna faɗin farashi. Rani ɗaya ya isa a ga a kwando na nawa kasuwar Dutsin-Ma ke fara karyewa, lambar da a yanzu kowa ke kintata.

Daga nan sai a ɗauki littafin a nufi Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011. Akwai ɗalibai masu karatun lissafi da kwamfuta da tattalin arzikin noma da duk shekara suke neman abin da za su rubuta aikin kammala digiri a kai. Manhajar Excel da ke kusan kowace kwamfuta tana da wani ɓangare mai suna Solver da zai warware irin misalin nan namu, Google ma tana da OR-Tools kyauta don tsara hanyar motoci. Sharaɗin da za ku kafa wa ɗalibin guda biyu ne: ya zo lambu ya ga yadda ake loda mota kafin ya taɓa kwamfuta, kuma ya bar muku amsar a takarda ɗaya da Hausa, mai cewa idan kwando ya kai kaza kuma farashin Kano ya haura kaza a yi shata, idan bai kai ba a tsaya Katsina. Malamin gona na KTARDA da ke yankinku shi ma a ba shi kwafi, don ƙungiyar ƙauyen da ke kusa da ku tana iya zama ita ce mai kwando 30 ɗin da za su cika muku kanta.